Ba A Jefa Tulu

Da aka kafe takardar sunayen ma'aikata a bangon ofishin zaɓe na Tawa, Mushe Attahir bai yi gaggawar zuwa dubawa ba. Ya san sunansa na ciki. Tun da aka fara zaɓe-zaɓen nan ba a yi ɗaya babu shi ba, da farko da hular jam'iyya a kansa, daga baya da akwatin hukuma. Malamin lakwal, wato malamin makarantar boko da ake kira Mushe, ai shi ne jakin gwamnati: ya iya karatu, ya iya lissafi, ba shi kuma da bakin cewa a'a. A yi na tsarin mulki, a yi na 'yan majalisa, a yi na shugaban ƙasa zagaye biyu, soja su zo su share allo, a sake daga farko. Yanzu ga shi ana ƙarshen 1999, an gama girbi, za a sake wani. In ka tambaye shi na nawa ke nan, sai ya fara lanƙwasa yatsu ya ɓace a hanya.

Abin da bai zata ba shi ne inda aka tura shi. Garin Ciɗo, arewa da Barmu, garin da aka binne cibiyarsa. Ya shiga ofis ya roƙi a musanya masa da ko'ina, ko da can cikin makiyaya ne. Magatakarda bai ko ɗaga kai ba, ya ce an tura kowa inda ya san hanya.

Hanya kam ya san ta. Shekara shida ke nan yana kauce mata.

A Garin Ciɗo akwai Inna Rakia, yayar mahaifiyarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa Saratu, ita ta riƙa aika masa da ƙuli-ƙuli da garin gero duk tsawon karatunsa a Tawa. Ita ce kuma unguwarzomar garin, kusan duk wanda ke tafiya da ƙafa biyu a can ita ta yanke masa cibiya. In ta ce wa mata gabas, ba mai leƙa yamma.

A zaɓen farko, na 1993, Attahir yana cikin zafin ƙuruciya da zafin sabon abu. Ya shiga wata jam'iyya mai alamar tulu, ya kuma yi rantsuwa a gaban manyanta cewa garinsu a aljihunsa yake. Ya je ya tara jama'a ƙarƙashin gawo, ya yi musu jawabi rabi Hausa rabi Faransanci, ana tafi ko an gane ko ba a gane ba. Kirarin jam'iyyar a lokacin shi ne “A riƙe tulu, kar ya faɗi!” Ya yi ta maimaita shi har muryarsa ta dushe. Inna Rakia ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, maganar mata a hannunta take.

Yadda ake zaɓen kuwa, kowace jam'iyya da takardarta mai alamarta. Mutum ya ɗebi kowace ɗaya ɗaya, ya shiga bayan zana, ya sa wadda yake so a ambulan, ya zubar da sauran a kwando, ya fito ya jefa ambulan a akwati. 'Yan siyasa kuma, da yake ba su rasa wayo, sai su tsaya a waje su ce duk wanda ya fito musu da takardar abokin hamayyarsu, alamar bai sa ta a ambulan ba ke nan, yana da tukuici.

Ranar zaɓe Attahir yana tsaye nesa kaɗan da ƙofar lakwal, da idonsa ya ga Inna Rakia ta fito, ta kwance bakin zane, ta zaro takardar tulu ta nuna wa Sule, wakilin jam'iyyar fitila. Sule ya yi dariya ya miƙa mata sandar sabulu. Mata suka biyo bayanta ɗaya bayan ɗaya, kowace da tulu a hannu, kowace ta tafi da sabulu. Da aka ƙirga, fitila ta yi wa tulu kaca-kaca a garin da aka ce yana aljihu.

Ya same ta a tsakar gida, a gaban mutane, ya ce, “Inna, ashe sandar sabulu ta fi ni daraja a wurinki.” Ta buɗe baki za ta yi magana, ya juya ya fita. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar sau ɗaya ya taka garin, wajen wata jana'iza, bai kuma kwana ba. Yana aika mata da sukari da shayi ta hannun direbobi, in sun dawo da saƙon baki sai ya ce ya ji, alhali bai saurara ba. A Tawa kuwa labarin ya zama abin da yake ba abokai in ana hirar siyasa, yadda ƙauye guda ya sayar da kansa a kan kumfa.

Ana jajibirin zaɓe, suna zaune a bakin ofis suna jiran motar da za ta raba su ƙauyuka, Hamisu mai goro ya zo ya zauna kusa da shi. Mutumin wajen Illela ne ta tsallaken iyaka, ya daɗe a Tawa, amma har yanzu komai sai ya auna shi da na gida.

“Mushe, ku dai kuna son wahala,” in ji Hamisu. “Takarda, ambulan, zana, kwando. Mu can akwai shekarar da anka ce kowa shi tsaya layi bayan hoton wanda yake so. A ƙirga kawuna kamar awaki, a tashi.”

“Kuma da anka ƙirga, mi ya biyo baya?”

“Soja sunka soke.” Hamisu ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. “Amma ko banza ka ga wanda yac ci amanarka ido da ido. Naku na bayan zana, sai Allah.”

Da can Attahir zai ɗauki maganar nan ya yi mata awa guda. Zai kawo yadda Faransa ke yi zagaye biyu, yadda Amirka ke yi da wakilai, yadda Mali da Benin suka yi nasu taron ƙasa, har ya zana a ƙasa da tsinke. Ya karanta duk wannan, ya koyar da shi, ya yi imani da shi kamar karatun sallah. Yanzu sai ya tauna goro kawai. Mai tulu da mai fitila da suka raba shi da gida, bana sun haɗa kai, hotonsu ɗaya a jikin bango suna riƙe da hannun juna. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

“Ni na ga nawa ido da ido,” ya ce. “Bai rage mini komi ba.”

Motar ta sauke shi a Garin Ciɗo da azahar, shi da akwati da buhun takardu, bayan ta gama girgiza musu hanji a kan duwatsun Adar. Ya share ajin lakwal, ya jawo teburi, ya kafa zana a lungu, ya ajiye kwando a bayanta. Ya sake gyara teburin da ba abin da ya same shi. Da aka yi la'asar ya rasa sauran abin gyarawa. Mutum ba ya kwana a gari bai gaida wadda ta goya shi ba, ko da kuwa gaisuwar ta baki ce kawai.

Ya tarar da ita zaune a gindin rumbu tana ɓarzar wake. Ta ƙanƙance, yanar tsufa ta fara rufe mata ido ɗaya. Da ya yi sallama ta ɗaga kai ta saurari muryar, ba ta tashi ba.

“Ɗan Saratu ne?”

“Ni ne, Inna.”

“Ka iso lahiya? Ina iyali? Ina gajiya?”

Suka yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi don kada a kai ga magana. Ta sa aka dama masa fura. Bai ji ɗaci a muryarta ba, wannan kuma ya fi ɓata masa rai, don ya zo da shirin a yi masa gori ya mayar.

“An ce kai ka riƙon akwati gobe,” ta ce. “Akwai tulu cikin takardun?”

“Akwai.”

“Madalla. In ƙara bisa na wurina.”

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin shayi. Ta buɗe ta zazzage a kan faifai. Takardu ne guda biyar, kowace an ninke ta ƙanana kamar laya. Ya warware ɗaya. Tulu ne. Ya warware ta biyu, tulu. Na farkon har sun yi ja don daɗewa.

Jininsa ya hau. Ya ɗauka tsiya take yi masa, ta tara shaidar cin amana tana nuna masa a faifai.

“Inna, mi ne ne wanga?”

“Naka ne mana. Ka ce muna mu riƙe tulu kar shi hwaɗi. To mun riƙe. Duk zaɓen da anka yi, ko ba ka zo ba, na tara mata na ce musu maganar ɗan Saratu na nan. Ko guda ba mu bari ya taɓa ƙasa ba.”

Attahir ya ajiye ludayi a hankali.

“To mi kuke sawa cikin ambulan?”

“Mai hitila.” Ta faɗe shi kamar an tambaye ta ko rana daga gabas take fitowa. “Shi muke jehwawa cikin akwatin nan mai kwaɗo, a kulle shi, shi ɗanɗana. Sauran tarkacen mu zuba kwando. Namu mu ƙulle ga bakin zane mu taho da shi gida.”

“Ba a ce muku wanda kuke so shi za ku jefa ba?”

“Wani ɗan gwamnati ya hwaɗi haka, nic ce wanga bai san abin da yake hwaɗi ba. Wa ka jehwa tulu? Ai hwashewa yake. Kuma mutum ya jehwa abin da yake so?”

“Sabulun fa, Inna?”

Ta yi 'yar dariya. “Sule na tsaye bakin lakwal. Na hito na nuna mai tulu ga hanci, nic ce ga namu nan, ka mutu. Sai yay yi dariya yab ba ni sabulu. Nic ce yaron ga akwai kunya, an kada shi yana kyauta.” Dariyar ta ɗauke. “Na san ka ji haushi na amshi abin hannun abokin gabarka. Washegari na maida mai abinshi. Na aika a hwaɗa maka har sau ukku.”

Ya tuna direbobin, da yadda yake ce musu ya ji. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Shekara shida yana ba da labarin matar nan a majalisa ana dariya, ita kuwa tana nan tana ninke masa takarda a gwangwani. Mazan garin da suka yi ci-rani suka ga zaɓe a wasu wurare sun san yadda ake yi, amma sun ɗauka mata sabulu suke bi, suka bar su da abinsu. Wa zai tsaya gardamar siyasa da wadda ta yanke masa cibiya? Shi da ya kamata ya zauna ya nuna mata da hannu, ya tsaya ƙarƙashin gawo yana Faransanci.

Sai wata dabara ta zo masa, mai sauƙi. Me zai hana ya bar maganar a cikinsa? Ya ce ta kyauta, ya shanye furarsa, ya ci gaba da zuwa kamar ba a yi komai ba. Tulu da fitila yanzu tukunyarsu ɗaya, duk wanda ta jefa miya ɗaya za a sha. Ba wanda zai yi asara. Ita ba za ta san ta yi shekara shida tana ɗora wanda ta ƙi a kan kujera ba, shi kuma ba sai ya faɗi abin da ya zarge ta da shi ba. Ya juya dabarar a ransa, ya ga duk amfaninta nasa ne. So yake a yafe masa ba tare da ya roƙa ba.

“Inna,” ya ce, “wanda anka jefa cikin akwati, shi ake ƙirgawa. Shi ka ci.”

Hannunta ya tsaya a kan waken. Tsohuwa ce, amma kanta bai tsufa ba. Ya ga maganar tana shiga tana zama.

“Wanda anka kulle shi ka ci.”

“Shi ne.”

“Ke nan mu munka ɗora mai hitila.”

“Ku da yawa, Inna. Ba laihinku ba ne.”

Ta dubi takardun da ke kan faifai. Wata akuya ta matso tana shinshinar faifan, ba wanda ya kore ta.

“To da ka gan ni da tulu ga hannu,” ta ce a hankali, “da sabulu ga ɗayan.” Ta juyo da idonta mai gani ta dube shi. “Ba haushin kyauta kaj ji ba. Ka ɗauka saida ka niy yi.”

“Haka na ɗauka.”

“Ni.”

“Ki gahwarce ni, Inna.”

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tattara takardun ta mayar a gwangwani, ta bar ɗaya a waje.

“Sha hurarka,” ta ce. “In ka gama ka gwada mini yadda ake yi. Da hannu, ban da turancin nan naku.”

Ya ciro wata tsohuwar ambulan daga aljihu ya gwada mata. Ta karɓa ta yi da kanta sau biyu, tana kawo takardar dab da ido. Da ta sa tulun a ciki sai ta riƙe bakin ambulan ɗin, kamar mai jin ko zai yi motsi.

“Maganar mata ka bar mini,” ta ce. “Ni na ɓad da su, ni ka maido su hanya.”

“Ni na ɓad da ku.”

“Wannan kuma ka daɗe ba ka hwaɗi gaskiya irin ta ba.”

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Inna Rakia ta fafe. Kafin rana ta faɗi ta bi gida gida da sandarta, da safe kuma ta tare sauran a bakin rijiya. Abin da ta ce musu ba namijin da ya ji.

Aka buɗe rumfar zaɓe da hantsi. Attahir ya ɗaga akwati ya nuna wa kowa cikinsa babu komai, ya rufe, ya datse kwaɗo. Wakilan jam'iyyu suna zaune a benci ɗaya. Sule na cikinsu, ya yi tumbi, yana raba goro da wakilin tulu suna kiran juna ɗan'uwa. Maza suka fara, mata suka biyo. Kowace ta fito daga bayan zana sai ta jefa ambulan, ta bi ta gaban Sule ta buɗe masa tafin hannu biyu, wayam, ta wuce. Sule ya dubi na kusa da shi ya tambaya ko wani abu ya faru a garin. Attahir ya duƙar da kai a kan rajista yana neman sunan da ke gabansa.

Inna Rakia ba ta zo ba sai da layi ya kusa ƙarewa, rana ta take tsaka. Ta miƙa katinta. Ya karanta sunanta da ƙarfi kamar yadda doka ta ce, kamar bai san mai shi ba. Ta bi teburi tana ɗaukar takardu ɗaya ɗaya, sannan ta tsaya.

“Ɗan Saratu, har yanzu tulu ne namu?”

Wakilai suka miƙa wuya. Ko da doka ta ba shi baki, bai san amsar da zai ba ta ba. Shi kansa rabonsa da ya ji wani nasa ne a cikinsu har ya manta.

“Inna, nan ba ni da ikon hwaɗi. Wanda ranki ya so.”

“Raina bai san su ba,” ta ce. Ta ja sandarta ta shiga bayan zana.

Ta daɗe a ciki. Ana jin motsin takarda, a yi shiru, a sake ji. Wani wakili ya fara gunaguni, Sule ya ce masa ya bar tsohuwa ta yi abinta. Da ta fito ta zo gaban akwati, ta ɗora ambulan a bakin ramin, yatsunta suka ƙi saki. Attahir ya dubi ambulan ɗin. Bai san abin da ta sa a ciki ba, ba kuma zai taɓa sani ba. Can ta saki, ambulan ta faɗa cikin sauran.

Saura tawada. Ya kama babban yatsanta zai tsoma a kwalba, ya ji hannun ba nauyi, fata da ƙashi. Rabonsa da ya taɓa hannun nan tun kafin a fara zaɓe a ƙasar. Ta matso da kai, ta yi magana ƙasa ƙasa yadda wakilai ba za su ji ba.

“Na jehwa, ɗan Saratu. In an ƙirga ka ga bai yi maka daidai ba, ka tako ka tambaye ni. Ba ni da wata shekara shidda da zan ba ka.”

Ta zare hannunta, ta goge yatsan a bakin zane, ta fita. Attahir ya ɗauki katin da ke biye, ya tsaya yana kallon ƙofar da ta fita, bai kira suna ba. Sai da mai katin ta faɗi sunanta da kanta.